Tsatsa a Dokin Ƙofar Bashe

Motata ta girmi babban ɗana, kuma ko ni da na saye ta ba sabuwa na same ta ba. Irin tsofaffin a-kori-kurar nan ce masu rumfar tamfol a baya, waɗanda mu nan muke ce wa bashe. Mutum uku take ɗauka a gaba, a baya kuwa iyakar abin da Allah ya hore da abin da jandarma mai tsaron hanya ya kau da kai a kansa. Na yi shekaru ina cin kasuwanni da ita, daga ƙauyenmu na kusa da Bande zuwa Magarya, zuwa Dungas, zuwa Guci, ina kai hatsi da wake da rake, ina komowa da kanwa da manda. Da babura suka cika duniya, mai kuma ya yi tsada, sai na fasa danga na shigar da ita cikin gida, na ajiye ta gindin darbejiya. Ban ce wa kowa na daina tuƙi ba, cewa na yi tana hutawa. Lokaci lokaci nakan tayar da ita ta yi tari ta yi ɗumi, in zauna a ciki in huta, sa'an nan in kashe.

Wata rana da hantsi, cikin bazarar bara waccan, na buɗe ƙofa na ɗora ƙafa a kan dokin ƙofar motar zan shiga. Ga wanda bai san mota ba, dokin ƙofa shi ne dogon ƙarfen nan da ke kwance ƙarƙashin ƙofa, daga tayar gaba zuwa inda akwatin kaya ya fara. Cikinsa kogo ne kamar gora, kuma shi ke riƙe da ƙugun motar. Na taka shi abin da ba ya ƙirguwa. Ran nan sai ƙafata ta nutse har idon sawu, kamar na taka tsohuwar ƙwarya. Da na zaro ta, takalmina ya tsaya a ciki, jan gari yana zuba ƙasa kamar an zazzage barkono.

Babu wanda ya gani sai uwargida, tana bakin murhu. Ta ɗago kai ta ce, "Malam, ta fara cin mutane ke nan?"

Na ce mata wannan harka ce ta makanikanci, ba ta masu tuwo ba. Ta ce to, Allah ya ba makanikanci haƙuri, amma a mai da mata takalmin, don ita ta saya. Kafin azahar labari ya isa kunnen babban ɗana.

Shi wannan ɗa nawa magidanci ne, da iyalinsa a sashen gabas na gidan. Noma ya riƙe hannu bibbiyu, yana da bijimai biyu na huɗa, amma ba shi da amalanke. Muna da wata gona can jigawa, tafiyar da ta fi ƙarfin ɗaukar kaya a ka, ta gaji har gero ya daina kai wa mutum ƙirji. Taki kuwa ga shi tsibi guda a bayan turken dabbobi, shekara biyu yana taruwa, babu abin kai shi. Duk mai amalanke a garin da nasa takin yake fama a wannan lokaci.

Bayan la'asar ya zo ya durƙusa gefen tabarmata, ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, irin wadda in ka ji ta ka san akwai magana a bayanta.

"Baba, wata shawara ce, in ba za a yi fushi ba."

"Faɗi. Fushi ai sai an ji."

"Motar nan ta gama aikinta. Gangar jikin ta ruɓe, amma gatarin baya lafiyarsa lau." Gatari a bakin direbobi shi ne ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya. "In aka cire shi da tayoyin, Baba maƙeri zai haɗa mana amalanke cikin kwana kaɗan. Mu kai takin nan kafin ruwa ya sauka."

Ban ji haushinsa ba, don gaskiya ya faɗa. Rabin amalanken da ke yawo tsakanin nan da Dungas da gatarin bashe suke tafiya. Ƙarshen irin motocinmu ke nan, a yanka su a ba shanu su ja. Amma na dubi motar, na ga har yanzu idanunta biyu suna nan, sai na ji kamar ana shawarar yanka tsohuwar saniya a gabanta.

Na ce masa, "Taki kake so a gona, ko amalanke kake so a ƙofar gida?"

"Taki, Baba."

"To, in motar nan ta kai takin nan jigawa da ƙafafunta kafin ruwan shuka, za ka bar mini ita?"

Ya zana ƙasa da tsinke. "In kuma ba ta kai ba fa?"

"In ba ta kai ba, ni da kaina zan riƙe wa maƙeri ita ya yanka."

Haka muka rabu. Ya san ya yi kasada da damina guda ta gonar, don in na gaza a makare, amalanken ma ba za ta yi amfani ba a bana. Bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba.

Maƙerin da ya ambata taubashina ne, ɗan gwaggona da aka aurar gidan maƙera. Tun muna yara muke gardamar wane ne bawan wani, har yau ba a yanke hukunci ba. Fartanya da hauya ya gada, amma da zamani ya juya sai ya sayi ɗan injin wuta ya koyi liƙa ƙarfe, abin da mu nan muke ce wa sudur, 'yan ƙetaren iyaka kuma walda. Ƙofofi yake yi da amalanke da gadaje. Mushe yake kirana, wato malamin makaranta, saboda na yi shekara huɗu a lakwal, makarantar boko, kafin babana ya cire ni ya mai da ni gona. Shekara huɗun nan sun ishe ni karanta allon hanya da sa hannu a takarda, sun kuma ishe ni ɗaukar kaina masani a garin da babu wanda ya yi biyar.

Washegari ya iso da injinsa a kan amalanke, jaki na ja. Ya zagaya motar sau biyu, hannu a baya, kamar mai tayin rago. Ya sa ɗan yatsa a dokin ƙofar ɗaya gefen, yatsan ya shige.

"Mushe, ta'aziyya aka kira ni ko aiki?"

"Aiki, ɗan gwaggo. Ka iya ko in aika Magarya a kawo mai ilimi?"

"Aika mana. Su zo su ga yadda mai ilimi ya mai da ƙarfen Nasara garin yaji."

Muka cire batir, muka sauke tankin mai muka kai shi can bayan rumbu, don ko jahili ya san wuta da mai ba sa zama inuwa ɗaya. Muka ɗaga kujera, muka yaye tsohon buhun da na shimfiɗa a ƙasa. Ya ɗauko masaba da kurfinsa na yanka ƙarfe, ya fara bin dokin ƙofar gefen direba yana ƙwanƙwasa. Inda ya yi ƙara, ƙarfe ne. Inda ya yi shiru kamar an bugi buhun dusa, tsatsa ce. Wurin da ya yi ƙara bai kai taƙi biyu ba.

Da ya tsaga cikin kogon, sai wata baƙar laka ta zubo. Ku tuna bazara ce, lokacin da rijiyoyi ke ja da baya, ƙasa ta bushe har tana tsagewa. Amma lakar nan da danshinta. Ya lakato kaɗan ya shinshina, ya ɗan taɓa a harshe, ya tofar.

"Kanwa. Kuka kawai ta rage ka kaɗa miya." Ya sake leƙawa, ya kwanta rigingine a ƙasa yana duban ƙarƙashin, ya jima. Sai ya sa awartaki ya zaro wani abu baƙi mai kauri kamar goro. "Wannan kuma fa? Wane mai hikimar ne ya yi wannan?"

Na gane shi tun kafin ya miƙo mini. Tsumma ne da kwalta.

Ga yadda abin ya faru. Daminar farko bayan na sayi motar, na ratsa wani tafki a hanyar Guci, ruwa ya kai rabin taya. Da na iso gida na shiga ƙarƙashinta ina duba ɓarna, sai na ga wasu 'yan ramuka jere a ƙasan dokin ƙofa, uku wannan gefe, uku wancan. Na kwanta ina nazari. Na ce lalle masu ƙera motar nan ƙasarsu babu tafki, shi ya sa suka bar ƙofar da ruwa zai shiga. Na samo tsumma, na narka kwalta a gwangwani, na toshe su ɗaya bayan ɗaya. Kowace shekara in hadari ya fara taruwa sai in sabunta. Na ɗauki wannan a cikin manyan ayyukan da na yi a rayuwata, don ba kowa ne ke gyara wa Nasara kuskure ba.

Na ba shi wannan bayani da murya irin ta masu ilimi. Ya tashi zaune, ya kakkaɓe rigarsa, ya dube ni kamar yau ya fara ganina.

"Mushe, in ka yi rufin soro, indararo na shigar ruwa ne ko na fitarsa?"

Na dubi tsumman da ke hannuna.

"Ruwan sama yana bi ta jikin ƙofa ya sauka nan. Wanda kake wanke ta da shi, nan. Garin kanwar da kake cusawa ƙarƙashin ƙafafun fasinja, nan. Mutanen nan suka bar masa hanyar fita, kai kuma ka bi ka rufe, ka yi shekara da shekaru kana jiƙa ƙarfe a ruwan kanwa kamar mai jiƙa wake." Ya ɗaga murya wajen murhu. "Uwargida, zo ki ji abin da lakwal ta koya wa mijinki!"

Ta ce daga inda take, "Ƙaramin sani ƙuƙumi. Ni dai a fito mini da takalmi."

Na yi dariya tare da su, don babu abin da ya rage sai dariya. Amma akwai abin da ban faɗa musu ba, ban kuma faɗa wa kowa ba sai yanzu da nake rubutawa. Ba motata kaɗai na toshe ba. A tashar Magarya na koya wa direbobi da dama wannan dabara, har da wani abokina da muka sayi motocinmu kusan lokaci ɗaya, Allah ya jiƙansa. Tasa ta riga tawa ruɓewa, magada suka sayar, aka yanka. Kuma na san inda gatarinta ya tafi, don ni na yi musu dillanci. Shi ne a ƙarƙashin amalanken da taubashina ya ɗauko injinsa a kai, yana tsaye a inuwar danga, jaki na kaɗa jela. Na daɗe ina dubansa. Marigayi abokin nan nawa ya yarda da ni ne saboda na iya karanta allo, har goro ya ba ni ranar da na toshe masa. Ban yi don mugunta ba, son motar ne ya sa, kuma wannan bai rage komai daga ɓarnar ba.

Aiki dai bai jira tunanina ba. Taubashina ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfen gaba ɗaya, daga gaba har baya, ya jefar. A nan shi ma ya yi tasa. Ya saba da ƙofar gida da amalanke, abubuwan da in ka yanke wani sashe sauran yana nan yadda yake. Mota ba haka take ba. Da ya cire dokin ƙofar, sai ta saki ƙugu, ta ɗan lotsa a tsakiya, kaɗan ne, ido ba ya gani. Da muka tura ƙofa sai ta ƙi shiga, tana dukan gefe.

Ya tura, ya sake turawa. Ya ɗauko masaba.

Na ce, "Atansiyo, hattara! Ajiye wannan. Ƙofa ba ta yi laifi ba."

"To wa ya yi?"

"Wani jahili da ya cire ginshiƙi bai tokare rufi ba."

Wannan na sani, don na sha zama a garejin Magarya ina jiran gyara ina kallon masu aiki. Na sa aka kawo guntun azara, muka shimfiɗa ta ƙarƙashin motar daidai tsakiya, muka sa kirik, wato abin ɗaga mota, a ƙasanta. Matsalar ita ce wani ya durƙusa yana juya kirik, wani yana gwada ƙofa, wani kuma yana duban tsagar da ke tsakanin ƙofa da jiki. Gwiwata ta hagu ba ta yarda da durƙuso ba, taubashina kuma idonsa ɗaya ya sha hasken sudur. Muna cikin wannan gardama ɗana ya dawo daga sharar gona. Ya tsaya ya dube mu, tsofaffi biyu suna zargin juna a kan ƙofa. Sai ya jingine gatarinsa na sara, ya durƙusa ya kama kirik.

Na ce, "A hankali. Kaɗan. Kaɗan kuma. Tsaya."

Na tura ƙofar da yatsa biyu, ta shiga, ta ce ƙyas. Wannan ƙarar na fi shekara goma ban ji ta ba, don tun tuni sai na ɗaga ƙofar da gwiwa take rufuwa, ina cewa halin tsufa ne. Taubashina ya yi maza ya liƙa wani ƙarfe a gicciye a bakin ƙofar don kada ta sake motsi.

Ɗana ya miƙe yana goge hannu. Na ce masa, "Ka san kana taimakon abokin gabarka?"

Ya ce, "Baba, ni dai taki."

Sabon ƙarfen daga tsohuwar ganga muka same shi, irin ta mai, mai kauri, wadda uwargida ke tara ruwa a ciki. Yadda aka yi ta bar mana ita labari ne daban, kuma har yau ban gama biyan bakinta ba. Muka fasa gangar, muka ƙona ta da kara don ragowar fenti ya fita, taubashina ya shimfiɗe ta a kan uwar maƙera yana duka har ta kwanta. Ni kuma na ɗauko kwali da almakashi na fitar da siffar dokin ƙofar daga ɗan abin da ya saura a ɗaya gefen, kamar tela yana yanka riga daga tsohuwa. Ya ce awo da kwali aikin 'yan lakwal ne, shi da ido yake yi. Na ce idon da ya rage guda ɗaya ne, a tausaya masa. Ya karɓi kwalin.

Lanƙwasa ƙarfen ita ta ci mana kwanaki. Ba mu da injin lanƙwasa, sai muka matse shi tsakanin azara biyu, yana bi da masaba taƙi taƙi, a gwada a jikin mota, a cire, a sake bugu. Na farko ya fito kamar kwamin shayar da tumaki, muka ajiye shi gefe, kuma tumakin suna sha a ciki har yanzu. Na biyu ya zauna. Ya liƙa shi ɗigo ɗigo, nan kaɗan, can kaɗan, don in ya ja wuta a layi ɗaya ƙarfen ganga murɗewa yake. Ina tsaye da jiƙaƙƙen buhu ina kashe duk inda ya kama hayaƙi. Inda tsohon jikin motar ya yi siriri, wuta ta huda shi, sai an koma baya an yanke har a kai ga ƙarfe mai rai. Kullum abin da muka yanke ya fi abin da muka yi niyya.

Muna gefe na biyu shamuwa ta iso. Da safe na ga guda biyu a kan tsamiyar masallaci suna gyara sheƙa. Duk wanda ya girma a nan ya san in ta zo ruwa yana bayanta. Da yamma gabas ta fara yin duhu tana washewa. Ɗana ya daina tambaya, sai dai in ya wuce ya dubi sama, ya dubi tsibin taki. Wannan shirun ya fi mini magana nauyi. Na fara lissafa abin da zan ce masa in ruwa ya sauka motar tana kan azara, na rasa.

Ranar da aka gama liƙi, taubashina ya sa wani tsinin ƙarfe a wuta har ya yi ja, ya kama shi da awartaki, ya miƙo mini.

"Me zan yi da shi?"

"Kai ka toshe, kai za ka huda. Uku nan, uku can. In ka ga dama ka ƙara ɗaya don tuba."

Aka shimfiɗa mini tabarma, aka taimake ni na kwanta ƙarƙashin motar. Na ɗora tsinin a ƙasan sabon ƙarfen da muka sha wahala a kansa, na buga. Wallahi sai da hannuna ya yi nauyi, don har a lokacin wani abu a zuciyata yana cewa ɓarna nake yi. Abin da mutum ya yi shekara talatin yana gaskatawa ba ya fita don an nuna masa laka. Na huda shida, na ƙara ɗaya kowane gefe. Muka shafa jan fenti, da ya bushe muka ɗura baƙin mai a kogon, muka tsaya muna kallo yana ɗiga ta ramukan.

Muka mai da tanki da batir. Ta yi gardama, ɗana da maƙwabta biyu suka tura ta, ta yi tari uku ta kama. Aka cire tamfol, aka loda taki har ya yi tozo. Motar da ta ɗauki amare da alhazai, yau ga ta da kashin awaki. Na shiga, na rufe ƙofa da yatsa biyu don jama'a su gani. Ɗana ya zauna a gefena, taubashina ya ce shi ba ya hawa abin da ya san cikinsa, ya tsaya a ƙofar gida.

Cikin gari lafiya lau muka bi. Da muka fita muka shiga yashin hanyar jigawa, nan ne tuƙi yake. Yashi yana son a canja giya da sauri, kafin mota ta rasa gudu. Na taka ambiriyaj, wato abin da ake takawa da ƙafar hagu a canja giya, gwiwata ta ce ba da ita ba. Kafin in kai shi ƙasa mota ta tsaya, ta mutu. Na tayar, muka ɗan matsa, ta sake mutuwa, tayoyin baya suka fara tona. Na uku ban ma iya ɗaga ƙafar ba, sai da na sa hannu na ɗauke ta.

Na saki sitiyari. Injin lafiyarsa lau, jikin motar ko ƙara bai yi ba duk da nauyin kaya. Iska mai sanyi ta fara busowa daga gabas. Ɗana yana duban gabansa, bai dube ni ba, kuma na san kunya ce ta hana shi.

Tun yana saurayi yake roƙona in koya masa motar nan, ina cewa sai ya ƙara hankali. Ya ƙara hankali, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ban taɓa ba shi makulli ba ko don ya matsar da ita daga rana.

Na ce, "Ka iya?"

"Na ɗan taɓa, Baba. Lokacin da nake zuwa ci-rani na yi shekara biyu ina jan motar wani mai bulo."

"Shekara biyu. Ba ka taɓa faɗa mini ba."

"Ba a tambaye ni ba."

Na buɗe ƙofa na sauka, na zagaya ta gaba ina dafa motar, shi kuma ya zagaya ta baya. Ya rage iskar tayoyi kaɗan, ya tura kara ƙarƙashinsu, ya shiga ya tayar. Ya ja ta baya taƙi guda, ya sa giya ta biyu, ta fita daga ramin kamar ba ita ba. Ina zaune inda fasinja ke zama, hannuna yana neman abin riƙewa. Sau biyu na buɗe baki zan ce masa ya bi ta hagu, na ga ya riga ya bi.

A gona muka sauke takin tsibi tsibi. Da muka gama ya zaro makullin ya miƙo mini da hannu biyu.

Na ce, "Saura sawu nawa?"

"Zai kai takwas, in an cika ta."

"To me zan yi da makulli? Ni zan tsaya nan in baza wannan." Ya mai da shi aljihu. Na ce, "Gatarin fa?"

Ya ɗan yi murmushi, ya dubi ƙasa. "Baba, amalanke ba ta shan mai, wannan kuwa tana sha. Amma abin da shanu za su yi kwana shida suna ja, ita za ta gama gobe. Bana dai a bar ta. Baɗi in Allah ya kai mu, sai mu sake zama."

Ban nemi fiye da haka ba, don ni ma ba a ba ni takardar baɗi ba.

Ya shiga ya juya ta ya kama hanyar gari. Na tsaya da fartanya a hannu ina kallo. Duk shekarun nan ban taɓa ganin motata tana tafiya daga baya ba, kullum ina cikinta. Ashe ɗan karkace take tafiya, gindinta yana jan dama kamar kare mai gudu, kuma fitilarta ɗaya ta baya ba ta nan sam. Na bi ta da ido har ta shige bayan kalgo, sa'an nan na sunkuya na fara baza taki.